Mai Hoton Bikin Mardiya

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mani ba?"

Mardiya ce ke tambayar. Tana tsaye a zauren gidansu da ke Kurfi, ta damƙe bakin hijabinta. Abdullatif na zaune kan tabarma, hularsa a hannu. Saura kwanaki kaɗan a ɗaura masu aure.

"Ranki shi daɗe, abin da ya riga ya wuce..."

"Kar ka ce mani ranki shi daɗe! Ka so ta ko ba ka so ta ba?"

Ya juya hular a hannunsa. Shi dama ba mai saurin magana ba ne. Ko a shagonsa na irin shuka a Dutsin-Ma, sai mai saye ya gaji da jira kafin ya ba shi amsa.

"Na so ta," ya ce a hankali.

Maganar mai hoto ce ta tono komai. Mahaifin Mardiya, Malam Sada, ya ce ba namijin da zai shiga cikin mata da kyamara a gidansa ranar yinin biki. In mace ce, bai hana ba. To, mace ɗaya ce aka sani da wannan sana'a, Lubna ta Dutsin-Ma. Da Sauda, ɗiyar ƙanen Malam, ta ji sunan sai ta tafa hannu.

"Lubna dai? Tsohuwar budurwar angon naki? Ai Hajiyarsa ce ta ce ba ta yin suruka mai yawon gidajen biki, shi ne aka lalubo mashi ɗiyar malamai. Ke fa cike gurbi kika zo yi, 'yar uwa!"

Tun ranar Mardiya ba ta ƙara jin daɗin abinci ba.

"In kina so a bar hoton gaba ɗaya," in ji Abdullatif.

"Tsoron ganinta kake ke nan?"

"Haba Mardiyata..."

"Gobe zan je in gan ta da idona. In na tarar gurbin wata na zo cikewa, wallahi da bakina zan roƙi Malam a fasa."

Washegari da hantsi suka shiga motar Dutsin-Ma, ita da Sauda. Duk hanya Sauda na zuba, Mardiya na kallon gonaki ta taga.

Shagon Lubna ƙarami ne, a bayan kasuwa. Mardiya ta shiga da sallama, da shirin faɗa a ranta. Sai ta tsaya cak.

Bangon cike yake da hotuna. Ga wata tsohuwa tana ɗaura wa amarya lalle, jijiyoyin hannunta duk sun fito. Ga wata uwa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, ana fita da ɗiyarta. Ga tururin tuwo ya tashi, rana ta ratsa shi kamar zinariya. Ba wanda ya gyara tsayuwa, ba wanda ya san ana ɗaukarsa. Mardiya ta je bukukuwa ba adadi, amma ba ta taɓa sanin haka biki yake da kyau ba.

"Ikon Allah..." ta ce, ba ta san a fili ta faɗa ba.

"Ke ce Mardiya."

Wata doguwar budurwa ce zaune gaban kwamfuta, ba kwalliya a fuskarta.

"Ni ce. A ina kika san ni?"

"Na san fuskarki tun kafin shi ya san sunanki. Zauna." Lubna ta dubi Sauda. "Ke kuma kin dawo? Na faɗa maki ba na ba da tsofaffin hotunana da shi."

Mardiya ta juya. "Kin taɓa zuwa nan?"

"Ni... ai don in taimake ki ne..."

"Ta ce in tura maki su ranar kamu," in ji Lubna. "Ta ce in an fasa, kowa ya huta."

Sauda ta ja tsaki, ta ce za ta shiga kasuwa. Ba wanda ya tsayar da ita.

Mardiya ta zauna, ta dubi Lubna. "Gaskiya nake so, don Allah. Hajiyarsa ce ta raba ku?"

"Hajiya ba ta so, wannan gaskiya ne. Amma ya tsaya kai da fata, har ta fara saukowa. Ni na sallame shi."

"Ke?"

"Kin tuna bikin Humaira a garinku, bara waccan?"

"Ƙawata ce. Ni na yi ta hidimar baƙi."

"Shi ya kai ni a mashin ranar. Ya tsaya ƙofar gida da jakata. Matso ki gani."

Ta buɗe wani hoto. Mata ne suna shiga gida da kwanuka. Can gefe ga Abdullatif, jaka rataye a kafaɗa, ya juya kai hagu. Ta buɗe wani. Yara sun kewaye mai alawa, shi kuma yana baya, kansa a hagu. Ta buɗe na gaba, haka. Na gaba ma haka.

Mardiya ba ta taɓa ganin fuskarsa a wannan hali ba. Baki ɗan buɗe, ido ya yi laushi, kamar mutumin da ya ga ruwan farko ya sauka a gonarsa.

"Me yake kallo?" ta tambaya, murya can ƙasa.

Lubna ta ja hoton gefe.

Wata yarinya ce durƙushe da shuɗin hijabi, tana zuba wa wata tsohuwa ruwa a hannu daga buta, tana dariya.

Mardiya ta dafe ƙirji.

"Ni ce..."

"Ke ce. Na zauna gyaran hotunan biki, na ga abin da shi kansa bai sani ba. Ni bai taɓa yi mani wannan kallon ba, ko sau ɗaya. Da na ce mashi mu haƙura, har rantsuwa ya yi ba wata a ransa. Kuma ba ƙarya yake ba, bai gane ba ne. Kin san shi da nawa. Sai da damina ta zo ta wuce kafin ya fara tambayar ɗiyar wane ne."

Hawaye ya sauko wa Mardiya. "Ba ki ji zafi ba?"

"Na ji. Na yi kuka har na ƙoshi." Lubna ta yi ɗan murmushi. "Amma ni aikina kallo ne. Ba na iya ƙaryata abin da na gani."

Can Mardiya ta kama hannunta.

"Yaya Lubna... za ki ɗauki bikina?"

Lubna ta daɗe tana duban hannun.

"In kin yarda da ni, zan zo."

Daga nan shagon Abdullatif Mardiya ta nufa. Ta same shi yana ƙulla irin alayyafo a leda. Da ya gan ta ya miƙe, iri ya watse a ƙasa.

"Wane kaya na sa ranar bikin Humaira?"

"Shuɗin hijabi," ya ce, ko numfashi bai ja ba. "Butar kore ce, hannunta ya karye an ɗaure da waya. Kin jiƙa takalminki na dama."

Ta rufe baki da hannu, tana kuka tana dariya.

"Masoyiya, lafiya? An fasa ne?"

"Ba a fasa ba, abin ƙaunata. Na dai zaɓi mai hoto."

Aka ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidan Malam. Lubna ta yini cikin mata, ba mai jin motsinta. Washegari ta zo gidan amarya a Dutsin-Ma don ɗaukar su biyu. Ta tsayar da su gindin bishiyar lemo a tsakar gida.

"Ango, nan za ka duba."

Ya duba. Kafin ta danna ya juya.

"Ango! Nan, ba can ba!"

"To, to... yi haƙuri."

Ya sake juyawa wajen Mardiya. Ita kuma ta sunkuyar da kai, dariya na cin ta.

Lubna ta sauke kyamarar, ta girgiza kai. Sannan ta ɗaga ta kuma.

"Shi ke nan," ta ce. "Ku tsaya haka."