Tallar Ƙarfe Huɗu

Kwana biyar ke nan da dawowarta daga asibiti hannu rabbana, kuma har yanzu Amarya tana kwance fuskarta na kallon bango. Shekara biyu da auren, amma dangin miji ba su canja mata suna ba. Wata takwas ta yi tana rainon cikin, aka ciro mata yaro babu rai. A kusurwar ɗakin kwalayen kayan jarirai ne jibge, riguna da safa da ƙananan takalma, hajar da take tallatawa a shafinta ta waya.

Babu sallama aka banko ƙofa. Yaya Babba ce, yayar mijinta, waya a hannu. Umma, uwar mijin, tana biye da ita. Can baya kuma mijin ne, autan Umma, kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Tashi, 'yar kasuwa!" in ji Yaya Babba. "Tashi ki ga abin kunyar da kika jawo mana!"

Ta dangwara mata wayar a fuska. Amarya ta ga kanta a bidiyo, ta sha kwalliya, ciki a gaba, tana dariya har da tafi: "Iyayen yara, ku garzayo! Sabon kaya ya sauka, oda biyu kyautar safa!" A ƙasa an rubuta: jiya, ƙarfe huɗu.

"Kullum sai ta saka!" Yaya Babba ta juya wajen Umma. "Ranar da aka binne yaron ma ta saka. Mutane na shiga kwament suna yi mata gaisuwa, ita tana washe baki. Har a wurin aiki an tare ni, wai matar ƙaninki wace irin zuciya gare ta?"

Umma ba ta ɗaga murya ba, kuma gara a ce ta ɗaga.

"Jikana na fari ta wajen ɗa namiji," ta ce. "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kina rawa a idon duniya. Auta, na gaya maka tun a gida. Ko ni ko ita. Yau nake son jin amsa."

Amarya ta yunƙura ta zauna da ƙyar, ɗinkin cikinta na ja.

"Umma, wallahi tun da na shiga asibiti ban taɓa wayar nan ba. Tun watan jiya na jera tallar. Ana saita rana da lokaci ne, ita da kanta take fita. Na yi haka don in na haihu in samu hutu, shafin kada ya mutu. Na manta da su ne, Umma... na manta da komai."

"Waya da kanta!" Yaya Babba ta tafa hannu. "Aljani gare ta? Ki rena wa wani hankali, ba mu ba."

Amarya ba ta kula ta ba. Mijinta ta kalla. Shi direba ne, abin da ya sani a waya kira da amsawa.

"Ki gaya min gaskiya," ya ce a hankali. "Ke kika saka?"

Zagin Yaya Babba duk bai taɓa ta ba, amma wannan tambayar ta shige ta har ƙashi. Mutumin da ya riƙe hannunta a ƙofar ɗakin tiyata! Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

Minti ɗaya ya ishe ta ta jona wayarta a caji ta goge sauran tallar. Amma ta san mutanenta: tana gogewa za a ce ta ɓoye sawu. Sai ta jawo wayar daga ƙarƙashin filo, a mace, babu ko ɗigon caji, ta miƙa wa surukarta da hannu biyu.

"Ki riƙe, Umma. Zan zauna a gabanki har ƙarfe huɗu. In tallar ba ta fito ba, ba sai ɗanki ya wahalar da bakinsa ba, da ƙafata zan tafi."

Umma ta ƙulle wayar a bakin mayafinta. Aka koma falo aka zauna.

Zama ne irin na gidan makoki, ga shi kuwa gidan makokin ne. Fanka na juyawa, agogon bango na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Yaya Babba sai latsa wayarta take tana tsaki. Amarya na kan tabarma, tafin hannuwanta a buɗe bisa cinya don kowa ya gani. Ta san wace talla ce ke layi yau, kuma da za a ba ta zaɓi, da ta zaɓi bulala ɗari a kan ta sake kallonta.

Bayan azahar jiri ya fara ɗibarta. Sai ta ji an sa mata filo a baya. Auta ne. Ya sauko daga kujera ya zauna a gefenta, a ƙasa.

"Kai, tashi daga nan!" in ji yayarsa. "Ba a gama shari'a ba."

"Ni na gama tawa, Yaya." Ya juya wajen Umma. "Umma, ki gafarce ni, ban taɓa ƙetare maganarki ba. Amma yarinyar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ni ne na yi abin kunya da na tambaye ta. Ko abin nan ya fito ko bai fito ba, ba zan sake ta ba."

Umma ta kawar da kai.

Huɗu daidai wayar Yaya Babba ta yi ƙara. Ta duba, ta zaro ido. Umma ta shafa ƙullin mayafinta, ta ji wayar na nan, sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni in gani."

Ga Amarya a bidiyo, fuska cike da haske, tana ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya tana faɗin farashi. Can ƙarshe ta ɗauko wata 'yar hula ta ulu, fara, wadda ba ta fi tafin hannu ba.

"Wannan kam kada wanda ya yi min oda!" in ji ta cikin dariya. "Ba ta sayarwa ba ce, ko nawa za ku ba ni. Ta jaririna ce, kakarsa ce ta saƙa masa da hannunta, ga ciwon ido tana fama. Umma, Allah Ya bar mana ke, Ya sa ki goya shi!"

Wayar ta suɓuce daga hannun Umma. Tsohuwar da ko ranar binnewa ba a ga hawayenta ba ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta rarrafo ta rungume surukarta.

"'Yata... 'yata, ki yafe min! Ciwonmu ɗaya, na zo ina zuba miki gishiri a kai."

"Na yafe, Umma," in ji Amarya. "Don Allah a sa min caji. Saura guda tara, ba zan iya ganinsu ba."

Auta ne ya jona cajin. Ita ke nuna masa inda zai danna, shi yana gogewa, ɗaya bayan ɗaya, don hannunta ya kasa. Yaya Babba ta ɗauki jakarta ta sulale, ko sallama babu.

Yaron dai bai dawo ba, kuma an daɗe ba a ji dariya a gidan ba. Amma auren ya tsaya da ƙafafunsa, don haƙurin wuni ɗaya ya yi mata abin da rantsuwa dubu ba za ta yi ba. Ku kuma masu yanke wa mutum hukunci da abin da kuka gani a gilashin waya, ku ji da kyau: hoto ba ya kuka, ba ya san an yi mutuwa. Kafin ku kashe auren wani, ku taka ku je ku dubi idonsa.