Kwabon da Aka Kankare

Ranar da aka kawo wa Surilla gawar ɗanta Dasiyus daga fagen yaƙi, ta ɗauko kwabon da za a sa masa a baki bisa al'adarsu, kuɗin mai kwalekwalen da ke haye da matattu. Sai ta ga fuskar sarkin Rum a jiki, da kambun ganye a ka, an zagaye shi da rubutu: "Uban Ƙasa."

"Uban wa?" ta ce. Ta sa wuƙa ta kankare fuskar da rubutun tas. "Wanda ya cinye mini ɗa ba zai kwana a bakinsa ba."

Haka aka binne shi, da kankararren kwabon a baki.

Da sanyi ya shigo, wani dare tana rufe rumfarta ta burodi a bakin kogin Sawa, sai ga wani soja tsaye, ya ja mayafi ya rufe fuska. Ruwa na ɗiga daga tufafinsa, amma ƙasa a bushe take. Fitila ta dushe.

"Burodi ya ƙare, ɗan nan," ta ce.

"Ba yunwa ba ce." Maganarsa da ƙyar take fita, kamar mai abu a baki. "Mai kwalekwale ne ya ƙi karɓar kuɗina, wai bai san na wane sarki ba ne. Kowa ya haye, ni kaɗai na rage a gaɓa. Akwai sanyi, Inna."

Ya sunkuya ya tofo abin a tafin hannunta, sanyi ƙalau.

Ta shafa da babban yatsa. Ba fuska, ba rubutu, sai sawun wuƙarta.