Hannu Na Biyu

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Shagonsa na gyaran na'urorin gem yana ƙarshen layin masu sayar da waya, ɗan ƙarami, kullum cikin ƙaurin dalma. Hannunsa na da kyau a aiki, bakinsa ne abin gudu. In ka kawo masa na'urar da ta kwana biyu a duniya, sai ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera ya ce, "Bola za ka kai wannan, ba wurina ba." Matarsa ta sha gaya masa ya rage wulaƙanta mutane. Amsarsa kullum tsaki ce.

Wata rana da yamma liƙis, yana jan ƙofar shago zai kulle, sai ga wani tsoho tsaye a bayansa. Dogo ne, siriri, sanye da tsohuwar kwat mai warin ajiya, hannayensa biyu a cikin aljihu.

"Kai ne mai gyaran gem?"

"Na tashi, Baba. Gobe."

"Ba gyara kaɗai ba ne. Ina da su da yawa a gida, tun na farkon fari. Ka zo ka duba, wadda ta yi maka ka ɗauka."

Injiniya ya dube shi sama da ƙasa. A ransa ya ce, ga wani tsohon banza da ya tara shara yana jin dukiya ce. Amma ya san akwai masu kuɗi marasa aikin yi da ke neman irin wannan tarkacen ido rufe. Ya rataya jakar kayan aiki ya bi shi.

Suka bi ta bayan gareji, suka ratsa wani lungu da Injiniya bai taɓa lura da shi ba. Hayaniyar titi ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Sai ƙarar takalminsa shi kaɗai. Suka hau bene mai duhu, tsohon ya tura ƙofa da kafaɗa.

Ɗakin dogo ne, ba taga, sai wata 'yar fitila mai dishi-dishi. Warin roba mai zafi da na batirin da ya fashe ya cika shi. A kan wata doguwar kanta an jera na'urori, kowace da talabijin ɗinta.

"Wannan ce ta fari," in ji tsohon, yana nuna wani akwati mai fuskar katako da haɓarsa. "Sanda biyu farare da ɗigo ɗaya. Babu launi, babu kiɗa. Amma gida guda kan taru a kanta."

"Kakanmu ke nan," Injiniya ya ce yana dariya. "Ai wannan ko kaza ka ba ta sai ta raina ka."

Tsohon ya ci gaba da tafiya yana nunawa. Ga masu kaset, waɗanda yara ke hura wa iska kafin su kama. Ga ta aljihu, mai ɗan allo kore-kore da ba a gani sai an matsa kusa da fitila. Ga masu faifai, da suka zo suka kashe kasuwar kaset. Injiniya yana biye, yana yatsina fuska, kowace sai ya yi mata baƙar magana.

A ƙarshen kantar babu komai.

"Ina na zamani, Baba? Ko aljihu bai kai ba?"

"Na zamani ba su da amfani a wurina." Muryar tsohon ta yi ƙasa. "Da, in aka sayo wa yaro na'ura, da hannun dannawa biyu take zuwa. Ranar da ba shi da abokin wasa, sai ya yar da hannu na biyun a ƙasa. Ni nake ɗauka. Yanzu kowa da nasa hannu ɗaya, yana wasa da mutanen wata ƙasa. Ba a bar min komai."

Injiniya ya buɗe baki zai ce tsufa ya taɓa masa kai. Sai talabijin ɗin da ke kusa da su ta kama da kanta.

Ya dubi ƙasa. Wayar wutarta na yashe a kan siminti, bakinta a gutsure.

"Zauna," in ji tsohon. "Wasa ɗaya. Ka ci, ka tafi."

Bai yi niyyar zama ba. Sai ganin kansa ya yi a zaune. Hannun gem na wata tsohuwar na'ura mai kaset ya tsinci kansa a tafinsa, da ɗumi, kamar yanzu wani ya ajiye.

Kiɗa ya tashi, siriri, mai tsinin sauti. Mutum-mutumi biyu suka bayyana a allo suna fuskantar juna.

Tsohon bai fitar da hannu daga aljihu ba. Hannu na biyu yana ƙasa, maɓallansa suna lotsawa su kaɗai. Ƙas. Ƙas-ƙas.

Sai Injiniya ya ji wata ƙarar irin ta a bayansa. Ba ɗaya ba. Da yawa.

Ya waiga.

Hasken allo ya kai jikin bango. Mutane ne zaune a jere, sun harɗe ƙafa irin zaman yara. Furfura ta cika musu kai, gemu har ƙirji. Amma gajeren wandon makaranta ne a jikinsu, ya yage saboda ƙanƙanta. Kowanne na riƙe da hannun gem na zamaninsa. Idanunsu a buɗe, ba ƙiftawa. Manyan yatsunsu ne kawai ke motsi.

"Waɗannan ba su ci ba," tsohon ya raɗa. "Ku 'yan Adam, ga cika baki, ga saurin lalacewa. Kafin in ji daɗin ɗaya, ya tsufa."

Injiniya ya yi ƙoƙarin yar da abin. Yatsunsa sun manne. Ya nemi addu'a, harshensa ya yi nauyi kamar dutse.

A allo, nasa mutumin yana shan duka. Layin ransa na ƙanƙancewa.

Saura kaɗan.

Ɗaya daga cikin na jikin bango ya matsa gefe. Ya buɗa masa wuri.

Ƙafarsa ce kawai ke jin maganarsa. Ya tattara abin da ya rage masa, ya shuri na'urar daidai inda kaset ya shiga.

Kaset ya goce. Hoto ya tsage, ya daskare. Kiɗan ya maƙale a sauti ɗaya, doguwar ƙara mai huda kunne.

Yatsunsa suka saki.

Bai tsaya ɗaukar jaka ba. Ya bangaje ƙofa, ya gangaro bene rabi da ƙafa rabi da baya. A sama ya ji tsohon, ba ihu, ba fushi, yana hura kaset a hankali. Fuu. Fuu.

Bai daina gudu ba sai da fitilun titi suka haske shi.

Ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Da ya tashi, ya kwashe duk na'urorin gem da ke shagon ya mayar wa masu su, ya koma gyaran fanka da dutsen guga. Bai sake bi ta bayan garejin ba, ko da rana tsaka. Maƙwabtansa na layi suka yi ta yi masa dariya, wai mai raina tsofaffin kaya ya ƙare a tsohuwar fanka. Bai taɓa mayar musu da martani ba.

Matarsa ce kaɗai ta san sauran. Kullum in rana ta faɗi, duk abin da yake riƙe da shi sai ya ajiye, ya zauna a bakin gado ya ɗora hannaye a cinya. Manyan yatsunsa biyu su fara dannawa a iska, da sauri, da ƙwarewar da ba tasa ba.

Ran nan ta daure ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, "Maigida, yaushe zai ƙare?"

Bai ɗaga ido daga yatsun ba.

"Ba a gama wasan ba," ya ce. "Ki yi addu'a kada in faɗi."