Fitilar Bayan Keke

Masahudu, mutumin Zongon Kumasi da ke ci-rani a ƙasar waje, ya wuni yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a unguwar Madinat Khalifa. Ana kiran magariba ya hau kekensa zai koma masaukinsa a unguwar Mansura. A siririyar hanyar da masu keke da masu gudu suke rabawa, sai ya ga kamar wani abu ya gilma. Ya kauce, ya sha ƙasa.

Ya tashi ya yi nisa kafin ya lura jar fitilar bayan keken ta faɗi. Ba zai shiga cikin motoci babu ita ba, don haka ya juyo yana jan keke yana tsaki.

A inda ya faɗi ya tarar da wani dattijo riƙe da fitilar. Ana zafin da har iska take jiƙa riga, amma babu ɗigon gumi a jikin mutumin.

"Sannu, Baba. Tawa ce."

"Na sani," in ji dattijon da Hausa, bakinsa bai ko motsa sosai ba. "Kullum da magariba sai ka bi ta kan jikokina a nan. Yau ka kauce. Karɓi abinka."

Masahudu ya duba gaba da baya, babu yaro ko ɗaya. Yana riƙe da kan keken ya ji wasu 'yan ƙananan yatsu masu sanyi sun ture babban yatsansa, ƙararrawar keken ta kaɗa a hankali.