Tsohuwa da Maraƙin Bunaji

A can wani zamani an yi wata tsohuwa mai saniya ɗaya tak, fara sol, irin bunaji mai yawan nono. Kullum da safe sai ta saki maraƙin saniyar ya fara tsotsa, sannan ta tatsa, tana cewa, "Rabi nawa, rabi naka."

Maƙwabcinta kuwa jajayen shanu yake kiwo, irin rahaji masu dogon ƙaho, yana sayar wa mahauta. Rannan ya ce mata, "Inna, maraƙin nan shanye miki nono yake yi. Ba ni shi in ba ki buhun gero, ƙwaryarki ta riƙa cika."

Tsohuwa ta dubi ƙwarya, ta dubi gero, ta yarda.

Da gari ya waye ta tsuguna tatsa. Ta ja, babu nono. Ta sake ja, babu nono. Saniya ta hana, sai kuka take yi tana duban hanya.

Tsohuwa ta mayar wa maƙwabci geronsa, ta koro maraƙi gida. Yana kama nono, sai ga shi yana zuba har ƙasa.

Ta yi dariya, ta kife ƙwarya, ta ce, "Sha abinka. Yau duka naka ne."