Inda Muryar Inna Ta Yi Ƙasa

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, kaset ɗaya ne a hannunta, naɗe cikin hankici kamar mai ɗauke da ƙwai. Injiniya, kamar yadda 'yan layin ke kiransa, sana'arsa juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta. Ya ɗago zai amsa sallama, ya shagala da kallonta.

"Muryar mahaifiyata ce, tana min waƙar reno," ta ce. "Ina shekara biyu ta rasu. Shi kaɗai muke da shi, ni da Baba."

Neman burgewa ya sa shi zuba bayanin da ba a tambaye shi ba. Ya ce kwamfuta ba ta ɗaukar murya dunƙule. Ɗibanta take yi sau dubbai a daƙiƙa guda, kowane ɗiba ta auna ƙarfinsa ta ajiye shi a matakin da ya fi kusa, kamar hawan bene. In matakan ba su da yawa, siririn sauti ba ya samun wurin tsayawa, sai a mai da shi sifili.

"To wanda ya faɗa tsakanin matakan fa?"

"Ya tafi ke nan."

Ta miƙa masa kaset ɗin. Shi kuwa gogan idonsa na kanta, ya manta na'urar tana kan saitin da ya juye wata lacca da shi da safe, mai matakai 'yan kaɗan. Ya danna. Waƙar na ƙarewa, rediyon da ke juya kaset ɗin ya tauna zaren ya cukurkuɗe shi.

Ta karɓi abin da ya samu har da godiya, a zatonta tsufan kaset ne ya sa sautin ƙarzaƙarza. Bai gyara mata zaton ba.

Daga nan zumunci ya ƙullu, ya zama so. Tela ce, shagonta na ƙarshen layi, kuma abin mamaki rigunansa suka fara yawan yagewa.

"Injiniyana, wannan aljihun da hannu aka farke shi. Gobe ka zo kawai, ba sai ka ɓata riga ba," ta rubuto masa.

"Hasken idona, an kama ni," ya mayar.

Amma waƙar ta hana shi sakat. Duk ranar da shago ya yi tsit sai ya sa ta a kunne. Daidai inda marigayiyar ta sassauta murya, sautin sai ya dusashe ya mutu, tsawon daƙiƙa tara. Yakan ji kamar matar na tsaye bayansa tana jira ya ba ta baki. Tsoro yake ji, da kunya.

Ranar da ya je gaida mahaifinta, tsohon direban babbar mota, dattijon bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Yaro, matata in ta yi ƙasa da murya ne ta fi daɗi. Ina wannan wurin ya shiga?"

Da ya ce kaset ne, da ya wuce lafiya. Ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Baba. Ban duba saiti ba."

"Ka kasa riƙe min waƙar minti uku, 'yata zan ba ka? Tashi ka ba ni wuri."

Saƙonta ya same shi a hanya: "Kuskuren ba komai ba ne. Wata biyar kana kallon idona ka yi shiru, shi ya ƙona min rai."

Sati uku ba ta ƙara ce masa uffan ba. Ya aika roƙo a ba shi kaset ɗin, da ƙyar aka ba shi. Ya zauna da reza da siririn salatif, yana miƙar da zaren kaɗan-kaɗan, yana naɗe shi da biro. Zaren ya yi laushin da bai fi ya jure zagaye ɗaya ba.

Ya ɗauki kayansa har falon dattijon. Wannan karon ya ɗaga saitin zuwa ƙurewa, ya duba sau uku, ya miƙa mata ta duba.

Muryar ta cika ɗakin. Aka zo wurin da sautin ke mutuwa. Waƙar ta yi ƙasa, ba ta mutu ba. Ga numfashinta, ga kukan jaririya yana lafawa. Can ƙarƙashi kuma, wata muryar namiji tana bin waƙar a hankali, tana kuskure, matar na danne dariya.

Dattijon ya dafe kujera.

"Ni ne," ya ce. "Shekara ashirin da biyar ina zargin kaina cewa kullum ina kan hanya, na bar ta da reno ita kaɗai. Ashe ina ɗakin."

Zaren ya tsinke, amma kwamfuta ta riga ta ɗauka. 'Yar ta durƙusa ta riƙe hannun mahaifinta, su biyun suna kuka. Da ta ɗago, Injiniya ta kalla, kuma ba ta kau da kai ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Da za su tafi, dattijon ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ɗana, in ta yi maka waƙa, ka taya ta ko da ba ka iya ba."