Inda Bakin Kwalba Ya Nuna

Lokacin da Yaya Kulu ta sauka gidanmu a Gusau, cikina ya tsufa. Ya kamata a ce an mai da ni gida goyon ciki, na haihu a gaban Innata. To amma garinmu ya watse tun farkon damina. Mun ji 'yan bindiga sun kashe Baba a gona. Inna da ƙanena Isiya kuwa babu wanda ya ce ya gan su, a raye ko a mace. Kullum nakan ce wa kaina gobe za ta yi sallama.

Yaya Kulu ɗiyar kawun maigidana ce, ba ta zo bikinmu ba, ba ta san asalina ba. Aiki take da masu binciken lafiya, waɗanda ke bin garuruwan da aka kai wa hari suna tambayar wa ya rasu, me ya kashe shi.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da surukata Iya Tumba da 'yarta Saratu. Ni ina can gefe kamar yadda na saba, don har ranar Iya Tumba ba ta taɓa jin muryata sama da gaisuwa ba.

"Yaya Kulu, wai an ce kin bar aikin," in ji Saratu. "Ko miji kika samu?"

"Mijin me? Abin da na gani ne ya ishe ni."

"A wane gari?"

"Ba na faɗa. An rantsar da mu, ba sunan gari, ba sunan mai amsa. In kina son labari ki ji shi haka."

Ta ajiye gyaɗar hannunta, ta rage murya.

"Ba kowane gida muke shiga ba. In mun isa gari, shugabanmu Malam Sahabi zai kwantar da kwalba a gaban masallaci ya juya ta. Inda bakinta ya tsaya, nan muke bi. Wai don kada son rai ya zaɓa mana gidaje. Ranar, rana ta take tsaka. Garin an ƙone rabinsa, mutane kaɗan suka dawo. Kwalba ta juya, ta tsaya tana kallon yamma. Mai gari ya ce, 'Can babu kowa, ku sake.' Malam Sahabi ya ce ba a sakewa.

"Muka bi. Kango, kango, kango. Ko kaza babu. Sai ga wani gida an share ƙofarsa tsaf. Malam Sahabi ya tsaya waje, tunda namiji ba ya shiga. Na yi sallama. Shiru. Har na juya, sai na ji an amsa.

"Mace ce zaune a inuwar bango. Ba tsohuwa can ba. Ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Ta ce, 'Sannu da rana, 'yar nan. Ruwa babu, ki yi haƙuri.'"

Hannuna ya tsaya a cikin kwarya. Haka Inna ke kiran kowace yarinya, 'yar nan. Na ce wa zuciyata, mata dubu ke faɗin haka. Na ci gaba da ɓara.

"Abu na farko da na lura," in ji Yaya Kulu, "bakinta zai motsa, ya rufe, sannan maganar ta iso. Na ce yunwa ce ke juya mini kai. Na fito da wayar da muke shigar da amsoshi, na fara. Na ce, 'Inna, daga Sallar Azumi zuwa yau, akwai wanda ya rasu a gidan nan?'

"Ta ce, 'Maigida. A gona, yana huɗa.'

"Na ce Allah ya jiƙansa. Sai wa?

"Ta ce, 'Yaron. A dajin da 'yan bindiga suka kai mu. Gudawa da amai. Ruwan kududdufi muke sha, tare da shanunsu. Kwana biyu yana kirana, na uku ya daina.'

"Na ce shi ke nan?

"Ta ce, 'Sai matar gidan. Ita zazzaɓi ne, bayan yaron da kaɗan.'

"Na ce kishiyarki ce?

"Ta dube ni. Ta ce, 'Bai taɓa yi mini kishiya ba.'"

Saratu ta matsa ta manne da uwarta. Iya Tumba ta ce, "A'uzu billahi."

"Sai na kalli ƙasa. Tsakar gidan duk toka ce, laushi kamar gari. Ga sawuna tun daga ƙofa. Nawa kaɗai. Daga inda take zaune zuwa ɗaki, zuwa madafa, zuwa ko'ina, ba sawu ko ɗaya.

"Na so na tashi na fita. Bakina kuma ya ci gaba da aikin da ya saba, wallahi ba da nufina ba. Na ce, 'Akwai wanda ya rage?'

"Nan ne ta sunkuyar da kai, kamar amarya. Ta ce, 'Waccan. Tana ɗakin mijinta.'

"Na ce sunanta?

"Ta ce, 'Haba, 'yar nan. 'Yar fari ce.'

"Na ce, 'Inna, babu kowa a nan, ni kaɗai ce.' Ta girgiza kai. Kun ji fa. An kashe mata miji, ta rufe ɗanta da hannunta, ita ma ta tafi, amma kunyar 'yar fari ba ta sake ta ba."

"Ba ita ba ce," in ji Iya Tumba. "Wanda ya mutu ba ya dawowa. Mutanen ɓoye ne, sun ari kamarta."

"Ko ma waye, Gwaggo, har kunyar ya ara."

Saratu ta ce, "To ba za su iya aron kamar mai rai ba?"

Na riƙe numfashina ina jiran amsar.

"A irin kangon nan?" in ji Iya Tumba. "Ban taɓa ji ba."

Yaya Kulu ta ci gaba. "Ta miƙo mini wani abu a naɗe. Ta ce, 'Ki kai mata. Ki ce kada ta zo wanka gida. Ki ce ta nemi mai tsaya mata a can, kuma kada a bari ruwan ya huce.' Na ce ina zan same ta, ba suna, ba gari? Bakinta ya motsa. Na jira maganar ta iso. Ba ta iso ba.

"Ban san yadda na fito ba. Malam Sahabi ya ce ya ji muryata, amma bai ji mai amsawa ba. Ya kira mai gari suka leƙa. Ɗakin ba rufi, ba kowa. Da yamma ya goge abin da na shigar, ya ce ba a lissafa gidan da babu mai rai a ciki. Mutum uku, ba su shiga ko'ina ba."

"Abin fa?" in ji Saratu. "Kin yar, ko?"

"Na kasa."

Ta shiga ɗaki ta fito da shi, ta warware a hasken tocila. Majanyi ne, saƙar hannu, fari da baƙi. Iya Tumba ta ja da baya.

"Wannan kika shigo mini da shi gida, ga mai ciki? Saratu, hura wuta."

Ni kuwa idona na kan gefensa. Akwai wani jan zare siriri da bai dace da sauran ba. Ana gobe za a kawo ni gidan miji, zaren Inna baƙi ya ƙare, ni na tsinko mata ja daga tsohon gyalena. Ta karɓa ba ta dube ni ba, ta ce na maƙwabciya ne take saƙa wa.

"Kada a ƙona," na ce.

Duk suka juyo. Muryar ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Iya, kada a ƙona. Ni aka aiko wa."

Yaya Kulu ta dube ni, ta dubi cikina. Ta rufe bakinta da hannu.

Na ambaci sunan garinmu. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, rantsuwarta na nan. Ta dai taso ta durƙusa a gabana, ta ɗora majanyin a cinyata. Ba ya warin hayaƙi. Ƙamshin man kaɗanya yake.

Tambayoyi da yawa sun zo mini. Ɗaya ce ta fita.

"Ta rame?"

"A'a," in ji Yaya Kulu. "Tsaf take. Har kwalli ta sa."

Na gyaɗa kai. Ban yi kuka ba, don a gaban surukata nake. Sai na ji hannun Iya Tumba a bayana, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

"Yi abinki," ta ce. "Yau babu kunya. Ni zan tsaya miki, ni zan dafa ruwan."

Na yi har muryata ta dushe.

Da za mu tashi, Yaya Kulu ta riƙe hannuna. Ta ce, "Na san abin da ke ranki, amarya. Za ki ce bari ki je ki gani da idonki. Ko hanya ta buɗe, ko an ce lafiya ta dawo, kada ki bi yammacin garin nan ke kaɗai. In kin yi sallama za a amsa miki. Ke kuma ba za ki iya fitowa ba."